Kunnen Doki da Juyin Jeri: Abin da Gasar Bara Ta Koya Mini

Na san da yawa daga cikinku za su yi mamaki idan suka ga ɗalibin Sashen Hausa, wanda aka saba jinsa da zancen karin waƙa da jinsi da jam'i, ya ɗauko maganar harshen na'ura mai ƙwaƙwalwa ya kawo ta cikin wannan mujalla tamu. To, ku yi mini haƙuri ku bi ni sannu. Abin da ya sa na ɗauko ta shi ne, akwai wata 'yar kalma guda a cikin wannan harshe wadda ban sani ba a ranar da ya kamata in san ta, kuma rashin saninta ya kusa sa ni in danne wa wata baiwar Allah haƙƙinta a bainar jama'a. Da yawanku kuna nan aka yi abin, sai dai ba ku ji yadda aka haihu a ragaya ba. Yau zan faɗa muku.

Kuna tune da cewa bara ƙungiyarmu ta shirya gasar rubutun zube, aka kuwa ɗora mini nauyin zama sakataren kwamitin gasar. Aikina shi ne in karɓi rubutun kowa, in shigar da shi cikin littafin rajista bi da bi, in ba shi lamba gwargwadon yadda ya zo. Mutum 23 suka shiga. Malamai uku suka yi alƙalanci suka ba da maki, aka kuma tanadi kyauta don mutum uku na sama. Tun kafin a buɗe gasar kwamiti ya rubuta wata ƙa'ida, aka manna ta a allon sanarwa kowa ya gani, cewa idan mutum biyu suka yi kunnen doki, to, wanda ya riga miƙa aikinsa shi ne gaba. An yi haka ne don a rage halin nan namu na jiran ranar ƙarshe.

A daidai wannan lokaci kuwa na fara koyon wani harshen kwamfuta da ake kira Python a wurin wani abokina na Sashen Kimiyyar Kwamfuta, domin ina so in yi amfani da shi wajen ƙidayar kalmomi a kundin digirina. Sunaye 23 dai ba su fi ƙarfin biro da takarda ba, ko yaron firamare ya iya jera su. Amma ɗokin sabon ilmi ya ɗebe ni, na ce bari in nuna wa 'yan kwamiti cewa mu ma 'yan Hausa mun iya taɓa na'ura. Na shigar da lambobi da maki kamar yadda suke a littafin rajista. Umarni biyu na sani a fannin jerantawa. Na farko sunansa sort, shi ne yake jera abubuwa daga ƙarami zuwa babba. Na biyu sunansa reverse, shi kuwa kifar da jeri yake yi, na ƙarshe ya dawo farko, na farko ya koma ƙarshe. Na ce wa na farko ya jera mini mutane bisa makinsu, sa'an nan na ce wa na biyu ya kifar da su. Kafin ƙiftawa da bisimilla sakamako ya fito: mai 85 a sama, sai mai 81, sai masu 78 su biyu. A cikin biyun nan, mai lamba 17 ne ya zo na uku, mai lamba 4 ta zo ta huɗu. Ban tsaya na dubi wannan wuri ba. Na buga takarda, shugaban kwamiti ya sa hannu, ran Alhamis da yamma na manna a allo, ana jiran bikin ba da kyauta ran Asabar.

Ran Juma'a da safe, na fito daga lacca ke nan, sai ga wata yarinya 'yar aji ɗaya ta tare ni a bakin matakala, ta gaishe ni cikin ladabi, ta ce, "Yaya Sakatare, don Allah tambaya gare ni. Ni ce mai lamba 4. A makon farko na kawo rubutuna, kai da kanka ka karɓa. Shi kuwa wanda aka sa a gabana lambarsa 17, kuma makinmu ɗaya. Ko an sake ƙa'idar ne ban ji ba?"

Jama'a, nan ne na faɗi maganar da har yau in na tuna ta nake jin kunya. Na ce mata, "Malama, ai ba ni na jera ba, na'ura ce ta jera, ita kuwa na'ura ba ta san son kai ba." Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "To, Yaya, ita na'urar an karanta mata ƙa'idar?" Ta yi mini sallama ta wuce.

Abin da ya ƙara wa al'amarin nauyi shi ne, mai lamba 17 ɗan ajinmu ne, kuma kowa ya san tare muke cin abinci. Duk wanda ya dubi takardar nan ya dubi littafin rajista, ba abin da zai ce sai sakatare ya yi sanayya, ya fake da na'ura. Wunin ranar nan ban ji abin da aka koyar ba. Da aka yi sallar isha'i na ɗauki kwamfutata na nufi ɗakin abokina, na zayyana masa kome. Ya dubi layuka biyun da na rubuta, ya kyalkyale da dariya, ya ce, "Mutumina, ai yarinyar nan ta fi ka gaskiya. Na'ura ta riƙe mata wurinta, kai ne ka zo ka kifar da shi."

Ya yago takarda ya yanka ta gida huɗu, ya rubuta maki da lamba a kan kowace, ya baje su a kan katifa. Ya ce in lura, umarnin sort na Python yana da wata ɗabi'a, watau idan ya tarar da abu biyu sun yi daidai a ma'aunin da aka ba shi, ba ya taɓa tsakaninsu, yadda ya same su haka yake barinsu. Masana wannan fanni suna da sunan da suke kiran wannan ɗabi'a da shi, ni dai na laƙaba mata suna riƙon amana. Saboda haka da na'ura ta jera daga ƙasa zuwa sama, sai ta ajiye mai lamba 4 kafin mai lamba 17, tun da haka suke a rajista, sa'an nan mai 81, sa'an nan mai 85. Har nan babu laifi. Amma shi reverse bai san maki ba, bai san rajista ba, kifarwa kurum ya sani. Da ya kifar da jerin, mai 85 ya hau sama kamar yadda nake so, sai dai a cikin kifarwar nan su ma masu kunnen doki sun juye, na baya ya zama na gaba. Ashe ƙa'idar kwamiti na juya ba tare da na sani ba, duk inda aka yi kunnen doki a takardar nan wanda ya makara shi na ɗaukaka.

Sai ya goge layukana biyu, ya rubuta layi ɗaya. Umarnin sort ɗin nan ne dai, amma ya ƙara masa 'yar kalmar nan reverse=True a cikinsa. Ya danna. Mai 85, mai 81, sai mai lamba 4, sai mai lamba 17. Na ce yaya aka yi haka, alhali kalmar ita ce dai reverse? Ya ce dabarar da ke ciki ba ta da wuya. Idan aka ba na'ura wannan zaɓi, sai ta fara kifar da jerin tukuna, sa'an nan ta jera shi daga ƙarami zuwa babba cikin riƙon amana, sa'an nan ta sake kifar da shi. Masu bambancin maki sun sami matsayinsu daga jerantawa, kifarwar ƙarshe ta mai da babba sama. Masu kunnen doki kuwa jerantawa ba ta taɓa su ba, an kifar da su sau biyu ke nan, sun koma yadda suke tun asali. Na ɗauki takardun nan huɗu na gwada da hannuna har sau uku kafin in yarda.

Daga wannan dare ne na shiga bin tarihin 'yar kalmar nan, kuma ga abin da na samu. Shi harshen Python wani mutumin ƙasar Holand ne mai suna Guido van Rossum ya ƙago shi, ya fitar da shi ga jama'a a 1991. Ya yi fiye da shekara goma ana aiki da shi ba tare da wannan zaɓi ba. Wanda duk yake son jeri daga babba zuwa ƙarami a wancan zamani, hanya uku ce a gabansa. Ko dai ya yi irin abin da na yi, ya jera ya kifar, ya juya masu kunnen doki. Ko kuwa ya rubuta wa na'ura ɗan umarnin kwatanci nasa na kansa, wanda za ta riƙa kira duk sa'ad da za ta gwada abu biyu, ya kuma juya shi ya zama babba ne ke rinjaye. Wannan hanya tana ba da amsa daidai, amma tana da nawa, domin jera abu 1,000 da suke a hargitse yana bukatar kwatanci fiye da sau 8,000, kowane kuwa sai an kira umarnin nan. Hanya ta uku ita ce a mai da kowane adadi kishiyarsa, 85 ya zama ɗebe 85, don babba ya koma ƙarami. Wannan tana yi a kan alƙaluma, amma ba ta yi a kan kalmomi, don ba wanda ya san yadda ake ɗebe kalmar "rana".

A 2002 wani Ba'amurke mai suna Tim Peters ya rubuta wa Python sabuwar dabarar jerantawa, wadda ake kira Timsort, ta kuwa shiga harshen a fitowa ta 2.3 cikin 2003. Dabarar tana fara duba jeri ne ta nemo gutsattsarin da suka riga suka jeru da kansu, sa'an nan ta riƙa haɗe su. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, a tsarin nan nasa na 2002, idan dabarar ta tarar da gutsuren da yake gangarowa daga babba zuwa ƙarami, takan kifar da shi nan take, amma da sharaɗin kowane abu a cikinsa ya ɗara na bayansa sosai. Da zarar ta ci karo da biyu da suka yi daidai, sai ta yanke gutsuren a nan, don kada kifarwa ta juya su. Watau ramin da na faɗa a ciki, mutumin nan ya hango shi ya kewaye shi tun ina cikin zanen goyo ko ma ba a haife ni ba.

A ƙarshen watan Nuwamba na 2004 aka fitar da Python 2.4, a cikinta ne aka ƙara wa umarnin sort zaɓin reverse, tare da wani zaɓin mai suna key, wanda da shi ake gaya wa na'ura ma'aunin da za ta duba, kuma sau ɗaya tak take auna kowane abu. Raymond Hettinger ne ya yi wannan aiki. A wannan fitowa ce kuma aka kawo umarnin sorted, mai ba ka sabon jeri ya bar maka na asali yadda yake. Da aka zo babban garambawul na Python 3.0 a Disamba 2008, sai aka cire tsohuwar hanyar nan ta ba sort umarnin kwatanci kai tsaye, aka bar key da reverse. Ba kowane harshe ne ya bi wannan tafarki ba. Harshen JavaScript, alal misali, umarnin jerantawarsa ba shi da irin wannan zaɓi, sai mutum ya rubuta nasa kwatancin, kuma sai a 2019 ƙa'idar harshen ta wajabta riƙon amanar masu kunnen doki. Harshen Java kuwa ya ari dabarar Timsort a fitowarsa ta 7 cikin 2011.

Na tambayi abokina, to, tun da akwai sort akwai reverse, ba a ce ƙarin nan ɓata lokaci ne ba? Ya ce tambayar tana kan hanya, domin duk abin da aka ƙara wa harshe ya zama kaya. Sai an rubuta bayaninsa, sai kowane ɗan koyo ya haddace shi, kuma da zarar mutane sun gina aikinsu a kansa, cire shi ya zama rushe musu gini. Saboda haka mai son ƙari shi ne zai kawo hujja. Hujjar wannan zaɓi kuwa ita ce, amsar da yake bayarwa daban take da ta umarnin nan biyu in an jera su. Da a ce taƙaita rubutu kurum yake yi, da ana iya cewa a bar shi. Amma mutum yana nufin abu guda, watau a fara da babba, sai hanyar da ta fi kusa da hannunsa ta ba shi abu biyu, wanda ya nema da wanda bai nema ba, kuma na biyun a ɓoye yake, ba ya bayyana sai ranar da aka yi kunnen doki.

Da yake kowa da kiwon da ya karɓe shi, ni nan take azuzuwan aikatau na Parsons suka faɗo mini, waɗanda ya tsara a 1960 muke ta fama da su tun aji biyu. Ku dubi "fita" da "fito", ko "shiga" da "shigo". Aikin ɗaya ne, wasalin ƙarshe na aji na shida alƙibla kaɗai ya sauya, bai taɓa sauran ma'anar ba. Haka wannan zaɓi yake a jikin umarnin sort. Ya juya fuskar jeri, ya bar amanar da ke cikinsa. Ni kuwa abin da na yi ya yi kama da wanda aka ce ya shigo da tulu, sai ya shiga da shi ya kifar.

Mu koma ga gasa. Ran Asabar da sassafe na sami malaminmu uban ƙungiya a ofishinsa, na durƙusa na ce, "Allah Ya gafarta Malam, na yi kuskure a sakamako, kuma kuskuren nawa ne ni kaɗai." Na nuna masa rajista da takardu biyu, tsohuwa da sabuwa. Ya duba ya daɗe, ya ce, "A allo ka yi kuskure, a allo za ka gyara. Amma kafin ka manna, je ka sami yaron nan ka gaya masa da bakinka, kada ya gani a bango." Wannan ita ce tafiya mafi nauyi da na yi a jami'a. Na tarar da abokin cin abincina ya goge babbar rigarsa ya rataye, har ya buga wa mutanen gidansu waya. Ya saurare ni har na gama, ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce, shi ma ya karanta ta. Bai zo biki ba, kuma mun yi makonni gaisuwa kurum ke haɗa mu, ban kuwa ga laifinsa ba. Yarinyar ta karɓi kyautarta ta ƙamus a gaban jama'a. Da na je ba ta haƙuri a kan maganar da na yaɓa mata a bakin matakala, ta ce ba kome, ita dai so take in koya mata yadda ake karanta wa na'ura ƙa'ida. Yanzu haka ta fi ni iyawa.

Darasin bai tsaya nan ba, ya biyo ni har cikin kundina. Ina so in jera kalmomin wani matani daga wadda ta fi yawan fitowa zuwa wadda ta fi ƙaranci, waɗanda suka yi kunnen doki kuma su bi jerin abacada. A irin wannan ƙidaya kunnen doki ya fi kome yawa, don kalmomi masu ɗimbin yawa sau ɗaya ko sau biyu suke fitowa. Riƙon amanar nan shi ya sauƙaƙa aikin: sai ka fara jerawa bisa abacada, sa'an nan ka sake jerawa bisa yawa da zaɓin reverse=True, jerin farko ya tsira a cikin na biyu. Amma a nan na gano wata matsalar da ta shafe mu mu Hausawa. Na'ura ba ta san abacada ba, lamba ta sani. A tsarin Unicode da kwamfutoci ke amfani da shi, harafin a lambarsa 97, z kuwa 122, amma ƙ tana 409, ɓ tana 595, ɗ tana 599. Don haka in ka bar na'ura da hankalinta ka ce ta jero daga ƙarshe, "ɗaki" za ta fara kawowa, sai "ɓera", sai "ƙasa", sa'an nan "zuma". In daga farko ne kuma, duk baƙaƙenmu masu lanƙwasa sai su taru a bayan z kamar baƙin da ba a gayyata ba. Maganin abin shi ne zaɓin key, ɗan'uwan reverse da aka haifa rana ɗaya da shi. Na zauna na rubuta jerin baƙaƙen Hausa da hannuna, ɓ a bayan b, ɗ a bayan d, ƙ a bayan k, na ba na'ura na ce da wannan za ta auna. Abokina ya san yadda ake rubuta umarnin, amma da muka zo kan ko sh da ts za a ɗauke su baƙi guda ko biyu, sai ya ajiye hannu ya ce wannan hukuncin na mutanen sashenmu ne.

Saboda haka ina da roƙo biyu ga 'yan'uwa. Na farko ga duk wanda za a ba amanar jera mutane, ko sakamakon gasa ne, ko jerin masu neman ɗaki, ko na masu jiran tallafi: kafin ka sa hannu, nemi wurin da aka yi kunnen doki ka duba shi da idonka, ka tambayi kanka wace ƙa'ida ce ta sa wannan a gaban wancan. Idan ba ka da amsa, to, wani ne ya yanke hukuncin a madadinka, kai kuwa za a tambaya. Na biyu ga shugabannin ƙungiya: a shirya mana zama ko sau ɗaya ne a zango da 'yan'uwanmu na Sashen Kimiyyar Kwamfuta, su koya mana umarni, mu kuma mu zauna da malamanmu mu daidaita jerin baƙaƙen da za a riƙa bai wa na'ura, don kada kowane ɗalibi ya ƙago nasa.

Kwamitin bana ya riga ya ƙara layi guda a ƙa'idar gasa, cewa sakatare zai karanta wa kwamiti sunayen duk masu kunnen doki tare da lambobinsu na rajista kafin a manna sakamako. Ni na kawo shawarar, kuma yanzu kun san dalili. Ina godiya ga malaminmu uban ƙungiya, da abokina da ya yanka mini takardu huɗu, da abokin cin abincina wanda muka koma cin tuwonmu tare, da kuma mai lamba 4 da ta yi tambaya. Nan zan dasa aya, sai mun haɗu a fitowa ta gaba.